Tabarmar La'ada da Na Naɗe a Kaura

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sa ka shiga Shinkafi da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin abin da zuciya ke raya wa mutum in ya samu kujera. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, har da waɗansu dangin da ba su taɓa tambayar lafiyarka ba sai makon nan.

Tun ranar da ka zo ka durƙusa ka ce Alhaji Ummaru ya ɗauke ka daga teburin rubuta rasit ya damƙa maka filin motocinsa na Shinkafi, ban iya zama wuri ɗaya ba. Na zagaya kasuwar hatsi sau biyu ba ni da abin saye ba ni da abin sayarwa, duk wanda na gamu da shi sai na ja shi da hira har ta kai mu ga maganarka. Wani mai awon gero ya ce mini, "Malam Garba, ai ka hwaɗa mini ɗazu." Na ce to ka sake ji, kunnenka ba zai cika ba. Innarka kuwa ta yi guɗa har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Ɗana manaja. Ina faɗa ina jin daɗin kalmar a bakina, kuma ba na jin kunyar kowa ya sani.

Amma akwai maganar da ka yi a ranar wadda na bari ta wuce, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Ka ce ka je ka duba wurin, ka tarar ma'aikata suna gunaguni, albashi yana makara, mutum biyu sun ajiye aiki, sauran suna zaune ƙarƙashin rumfa ko mai saye ya shigo ba mai tashi. Ka ce babban makaniken wurin Baba Isiya ne na Zurmi, wanda yake zuwa gidan nan kana ƙarami, ka durƙusa ka gaishe shi ya amsa da ƙyar. Ka tambaye ni me ya raba mu. Na ce maka harkar duniya ce, na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata.

To ka saurara da kyau. Filin sayar da mota yana tsaye ne a kan makanikensa. In Isiya ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya tafi, sauran za su bi bayansa, ka wayi gari kai da maigadi. In kuma ya zauna ya rufe bakinsa ya bar ka kana sayar da abin da ba ka san cikinsa ba, wannan ya fi tafiyar muni. Kuma mutumin nan yana da dalilin ƙin duk wanda ya fito daga gidana. Abin da aka gaya maka kana makarantar kwana, wai Isiya ya cuci wani malami a cinikin mota aka kore shi, ba haka aka yi ba. Ni zan gaya maka yadda aka yi, tun daga farko.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ban taɓa ganin kasuwar mota irin ta ba, kuma ba na jin zan sake gani. Ma'aikatanmu suka kwaso kaya suka dawo gida, aka buɗe ofisoshi, aka shiga ba da rancen mota. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba zai shigo da takarda a aljihu ya ce a ba shi wadda ta fi ta maƙwabcinsa tsawo. Mu kuma muna filin marigayi Alhaji Bawa, can hanyar tashar jirgin ƙasa, ni dillali, Isiya makanike, Labbo shugaban direbobin da ke kwaso motoci 'yan Kwatano su ratso Nijar su gangaro ta Shinkafi. In suka iso a jere suna hon, yara har manya sai an fito kallo. Wata motar ba ta kwana biyu a fili an saye ta. Mun yi dariya a shekarun nan, Sanusi, mun ci nama, kuma ni da Isiya shekara goma sha ɗaya muna cin tuwon rana a akushi ɗaya.

Akwai darbejiya a tsakiyar filin, ƙarƙashinta akwai wata tsohuwar tabarma. Al'adar da muka tarar ita ce, in an yi tayi an yi albarka har mai mota ya ce ya sallama, aka tafa, sai a zube la'ada a kan tabarmar nan a gaban mai saye, a kira kowa. Dillalin da ya kawo ciniki ya ɗauki nasa, makanike nasa, direban da ya kawo motar nasa, mai wanki nasa, har maigadi da ke barci a lokacin sai an tashe shi ya karɓi na goro. Kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ya samu. Amma babban abin da ke cikin al'adar shi ne rabon makanike. In ya miƙa hannu ya ɗauka, to ya shaida motar lafiyarta lau. In ya naɗe hannu ya kau da kai, ba sai ya ce komai ba, mai saye zai kwashe kuɗinsa, ko a zauna a faɗi aibin a rage farashi. Duk Kaura ta san wannan. Na sha ganin Isiya ya bar rabonsa a ƙasa alhali gidansa babu cefane, muna hararsa yana kallon sama.

Da ciniki ya yi yawa, Alhaji Bawa ya ce ba zai iya zaman fili kullum ba, ya naɗa ni manaja don ni kaɗai na yi aji bakwai. Irin murnar da nake yi maka yau, ita na yi wa kaina. Kuskurena na farko na yi shi cikin mako guda. Na sa kafinta ya kewaye mini wani lungu da katako, na shimfiɗa leda, na rataya fanka, na sa ana kawo mini abinci daga gida a kwanon samira. Isiya ya leƙo rana ta farko ya ce an kawo tuwo. Na ce su ci, ina da aiki. Ya leƙo rana ta biyu. Rana ta uku bai leƙo ba, ni kuma har na ji daɗi, wai an fara sanin girmana. Abin da ban gane ba shi ne, duk labarin filin a bakin akushin nan ake yinsa: wace mota ke shan bakin mai, wane direba matarsa ba ta da lafiya, wane mai saye ke zagaye yana jin kunyar tayi. Daga ranar da na daina wanke hannu da su na zama baƙo a wurin da nake riƙo. Saboda haka in sun ba ka ofis a Shinkafi ka karɓa, ka ajiye takardu a ciki, amma in rana ta take ka fito ka tsuguna inda suke tsugunawa. Na san kai ɗan kwaleji ne mai cin shinkafa da cokali. Hannunka ba zai karye ba in ka sa shi a tuwon dawa.

Kuskure na biyu shi ne uban sauran. Wani babban ma'aikaci ya zo daga Gusau ya sayi mota, aka zube la'ada yadda aka saba, muka kewaye tabarma. Ya tsaya yana kaɗa makulli a yatsa, ya dube ni ya ce, "Manaja, har yanzu haka kuke raba kuɗi a ƙasa kamar masu watanda? Yanzu fa jiha gare ku." Wallahi maganar nan ta shige ni, na ji kamar an tuɓe mini hula a kasuwa. Washegari na sami Alhaji Bawa na ce a yi tsari irin na gwamnati: la'ada ta riƙa shiga kamfani, kowa a yanka masa albashi, ƙarshen wata ya shigo ofis ya karɓi ambulan a rufe ya sa hannu. Alhaji ya yi lissafi a ransa, ya ga inda ribar take, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ni da hannuna na naɗe tabarmar nan na jefa ta bayan ofis. Ban tambayi ko mutum ɗaya cikinsu ba.

Ba zan ce maka na saci kuɗin kowa ba, ban sata ba. Amma watan da muka sayar da motoci har fili ya zama wayam, ambulan ɗinsu kaurinsa ɗaya da na watan da ba a yi ciniki ba, nawa kuwa Alhaji yana ƙara masa nauyi a ɓoye. Kuma tunda ba wanda ke ganin na wani, kowa ya ɗauka an fifita ɗan'uwansa. Na ga Labbo da idona ya ɗaga ambulan ɗin wani direba yana haska shi a rana, suka kama kokawa a gaban masu saye, mutanen da suka yi shekaru suna kwana cikin mota ɗaya a hanyar Kwatano. Mai wanki ya koma watsa ruwa a jikin mota ya bar ƙasanta da laka. Dillalan da suke rige-rigen tarbar baƙo tun daga bakin titi suka koma zaman dara. Ni kuma ina cikin katakona ina cewa mutanen nan sun lalace, ba su da godiya.

Rannan Isiya ya zo. Ya tsaya bakin ƙofa ya cire takalmi saboda ledar da na shimfiɗa, mutumin da ya feɗe ragon sunanka. Ban ce ya zauna ba. Ya ce, "Garba, mi munka yi maka?"

Na ce, "Wane abu kuma?"

Ya ce, "Ba kuɗɗin na ad damuwata ba. Da can in mota ba ta da lahiya ina da inda nika hwaɗi ba tare da na buɗe baki ba. Yanzu ka ɗauke wurin. Ka maido tabarmag ga, ko da albashin za ka rage."

Na ce masa zamani ya canza, wanda tsarin bai yi masa ba ga hanya nan. Ya dube ni, ya sa takalminsa ya fita. Ma'aikaci in ya zo maka da kuka, Sanusi, ka tashi ka ba shi kujera tukuna, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa ko da ka san amsar. Wanda ya zo ya faɗa maka a ido, shi ne wanda bai riga ya fid da rai da kai ba. Kuma kalmar nan ta "ga hanya nan", kada ta taɓa fita daga bakinka, don ni na faɗe ta na ga abin da ta haifa.

Akwai wani hali da na yi wanda na tabbata za a jarrabe ka da shi tun makon farko. Duk ranar da Alhaji Bawa ya zo ya ce, "Yaya yaran naka?" sai in ce lafiya lau, suna godiya. Tsoro nake kada ya ce na kasa riƙo. Umarninsa ina sauke musu shi da zafinsa, kukansu kuwa ina danne shi a ƙarƙashin kujerata. Ga ka nan za ka tarar da albashi yana makara. Ba kai ka makarar da shi ba, amma daga ranar da ka karɓi makullin fili kai za a riƙa kallo. Ka je wurin Alhaji Ummaru da ladabi, ba a gaban baƙi ba, ka gaya masa abin da ka gani ba ragi ba ƙari. Ka ce masa mutumin da ya bar gidansa babu hatsi ba zai yi wa baƙo fara'a ba. In ya ɓata rai ka yi haƙuri ka sake komawa. In kuɗi sun zo ba su isa kowa ba, naka ya zama na ƙarshe, kuma su san haka ba tare da ka yi shela ba. Innarka za ta yi ƙorafi in ka makara da aike, ka bar ni da ita.

Yanzu sai babbar maganar. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ni ina cikin waɗanda suka cika mota suka tafi Gusau, muna kabbara har murya ta dushe. Murna ce ta gaskiya, ba zan ƙaryata ta ba. Malamai suna wa'azi a kasuwanni a kan mudu da sikeli da ɓoye aibin kaya, ina sahun gaba ina gyaɗa kai, ina waiwayen 'yan hatsi wai da su ake. A cikin watannin nan Labbo ya kawo wata farar wagon mai kujera bakwai, kyakkyawa, fentinta ko ƙwarzane babu. Isiya ya buɗe bonet, ya tada ta, ya saurara, ya tsoma yatsa a ruwan lagireto, ya zo ya same ni. Ya ce, "Motag ga injinta ya tsage daga ciki, ruwa na haɗuwa da mai. Ba ta kai mutum Zurmi ta maido shi. In ka saishe ta haka, ba da hannuna ba."

Na ce na ji. Gyaran zai cinye ribar, ni kuma na riga na yi wa Alhaji alkawarin wata mai kyau. Na jira ranar da Isiya ya tafi Zurmi ta'aziyya, na sa aka juye mata mai mai kauri, aka wanke ta, aka fito da ita bakin titi. Wani malamin firamare daga Sakajiki ya zo da kuɗin rancensa, mutum mai sanyin murya, yana shafa motar yana murmushi. Ya tambaye ni ko makanike ya duba ta. Na ce ya duba. Gaskiya ce ai, ya duba. Da tabarma tana nan da sai an jira Isiya, da ya naɗe hannu, da malamin ya tsira da kuɗinsa ni kuma na tsira da mutuncina. Amma babu tabarma, sai ofis da rasit, muka gama cikin rabin awa.

Ba ta yi sati uku ba ta tafasa da shi a hanyar daji, da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwar uwarsa a ciki, injin ya buga. Da shanu aka jawo ta. Malamin bai yi faɗa ba, ya wuce gaban alƙali. Aka kira Alhaji Bawa, aka kira ni, aka kira Isiya. Alƙali ya ce wa ke duba motoci a filin. Isiya ya ce shi ne, kuma ya faɗa wa manaja motar ba ta da lafiya. Aka juyo gare ni. Na ce, "Allah gafarta Malam, motoci suna da yawa, ba zan iya tuna kowace magana ba." Sai wani tsohon dillali da aka kira don ya san al'adar sana'ar ya ce abin ai mai sauƙi ne, makanike in bai yarda da mota ba ba ya taɓa kuɗinta, a tambaya ko Isiya ya karɓi nasa. Aka tambaye ni. Na ce ya karɓa, ga sa hannunsa. Albashinsa ne na wata, Sanusi, ambulan ɗin da ni na ƙirƙiro, wanda ba wanda zai iya cewa wannan naira ta wace mota ce. Na san haka lokacin da nake faɗa. Isiya ya buɗe baki zai yi bayani, Alhaji Bawa ya yi sauri ya ce a bar maganar, zai maida wa malamin kuɗinsa ya karɓi motarsa. Alƙali ya yanke haka, bai hukunta kowa ba. Amma mutanen da suka cika zauren sun ji abin da suka ji, kafin la'asar duk Kaura ta ɗauka Isiya ya ci kuɗin mota mai aibi.

Alhaji ya sallame shi a ranar. Ya tattara sifanunsa a akwati, ya biyo ta ƙofar ofis, wannan karon bai cire takalmi ba don bai shigo ba. Ya ce, "Ban ce maka komi ba, Garba. Kai ka sani, ni na sani." Ba wanda ya ƙara kai masa ko keke gyara a garin nan, dole ya kwashe iyalinsa ya koma Zurmi. Labbo da direbobinsa suka bar mu kafin wata ya ƙare, don su sun san gaskiyar ko da ba su faɗa ba. Makaniken da na ɗauko a madadinsa duk abin da na ce sai ya ce haka ne. Filin bai ƙara shekara biyu ba aka rufe, na koma dillancin gero inda ka gama makaranta ka same ni. Na sha gaya muku kasuwar mota ce ta mutu. Ba ta mutu ba, ga ta nan ta ba ka manaja.

To ga abin da nake so ka yi, domin kai kana da damar da ni na zubar. Ka sami Alhaji Ummaru ka roƙe shi abu ɗaya: albashi ya tsaya yadda yake, amma la'adar kowace mota a raba ta ranar ciniki, a fili, gaban mai saye da kowa. Ko tabarma ce, ko benci, ko bonet ɗin mota, ba ruwana. In ya ce ba zai saki duka ba, ya saki rabi, ka karɓa ka yi godiya. Kuma kada makullin mota ya bar hannunka sai makanike ya miƙa nasa hannun. Ran da ya naɗe shi za ka ji haushi, za ka ga kuɗi suna fita ta ƙofa, za ka tuna alkawarin da ka yi wa Alhaji. Ka haɗiye, ka faɗi aibin, ka rage farashi. Za ka sha mamakin yadda mutanen da ka tarar zaune ƙarƙashin rumfa za su riƙa tsallake juna zuwa bakin titi. Na san su, na yi zama da irinsu, ba ragwaye ba ne.

Da na fara takardar nan niyyata in ce ka je ka ba Isiya haƙuri a madadina. Da na kai nan sai na ga wannan ma wata ɓuya ce irin wadda na saba. A gaban jama'a na ɓata shi, ba zan wanke shi ta bakin ɗana a bayan gareji ba. Saboda haka ranar Alhamis mai zuwa, ranar kasuwarku, zan shigo motar farko. Ka tara ma'aikatanka bayan azahar, har mai wanki har maigadi, in da hali ka aika a kira Labbo, na ji yana lodi a tashar Shinkafi. Zan tsaya in faɗi abin da na rubuta maka, da bakina. Na san abin da nake ɗora maka. Sabon manaja ne kai, za su ji ubanka ya taɓa yin haka, wani zai riƙa kallonka da shi. In ka ga abin zai yi maka nauyi ka aiko mini, sai in same shi a tsakiyar kasuwa in yi a can, amma yi kam sai na yi. Ko ya yafe ko kada ya yafe, wannan nasa ne, kada ka matsa masa, kada ka bari kowa ya matsa masa. Kai dai ka ci gaba da durƙusa masa kana kiransa Baba, ba don aiki ba.

Na ajiye biro a nan na shiga cikin gida, don na tuna akwai wadda ta fi ka haƙƙin ji. Innarka ba ta sani ba. Ita da Kulu matar Isiya aminai ne tun suna amare, kuma saboda maganata ta yanke ta. Har goron bikin 'yarsu da Kulu ta aiko daga Zurmi, kafin su koma Shinkafi, Innarka ta maida shi ba ta kwance ƙullin ba, wai ba ta cin goron macuta. Na same ta tana tankaɗe, na zauna a kan turmi na gaya mata duka. Ba ta daina tankaɗen ba har na gama. Sannan ta ajiye rariya ta ce, "Malam, shekara nawa ina gaba da baiwar Allah a kan ƙaryarka?" Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, na zauna a tsakar gida ina jin kukanta, na ce yau kam na ga ta kaina. Can ta fito ta wanke fuska, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ka kama muna kujera biyu ran Alhamis. Kai ka tahi wurin maza ka yi naka. Ni gidan Kulu za ni, kuma ba ni jiran ka gama." Yanzu haka ta aiki ƙanwarka sayen goro, ni kuwa har yanzu ba ta ƙara yi mini magana ba.

Saboda haka mu biyu za ka tarba. Allah ya kai mu lafiya, ya same ka lafiya. Allah ya tsare ka a hanya da fili da ofis, ya sa waɗanda ke ƙarƙashinka su yi maka addu'a a bayan idonka, ya raba ka da abin da zai sa ka rubuta wa ɗanka irin wannan takarda. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaida Alhaji Ummaru da godiya. Isiya kuwa kada ka gaishe shi a madadina, ka ce masa kawai Garba yana tafe.

Wassalam. Mahaifinka mai alfahari da kai,

Garba, Kaura Namoda.